Rafin da Yaro ke Tsallakewa: Yadda Kwarin Mödlareuth Ya Rabu Biyu

Tannbach bai kai a kira shi kogi ba. A inda ya ratsa ƙauyen Mödlareuth na ƙasar Jamus, yaro in ya ja da baya ya zaburo zai tsallake shi bai jiƙa takalmi ba. Ruwa ne mai sanyi, marar zurfi, yana bi ta cikin ciyawa a gindin kwari, bayan 'yan kilomitoci ya faɗa kogin Saale. Baƙon da bai san labarinsa ba zai taka gadarsa ya wuce ko ƙasa bai duba ba. Amma daga 1952 zuwa 1989, shekara 37 cur, wannan ɗan rafi yana cikin iyakokin da suka fi tsaro a duniya, mutum kimanin 50 da ke zaune a gefensa biyu kuma suka zama 'yan ƙasashe biyu masu gaba da juna, Jamus ta Gabas da ta Yamma, alhali kowa na hango hayaƙin gidan kowa.

Masu ba da labarin wurin sukan fara da katanga, don ita ce abin ɗaukar hoto. Ni a ganina sai an fara da ƙasar kanta, domin shimfiɗarta ce ta kafa ƙauyen, ita ta ba masu mulki layin da suka raba shi, ita ce kuma ta sa waya ba ta ishe su ba sai da suka zuba siminti.

Mödlareuth na kusan rabin hanya tsakanin Berlin da Munik, arewa da garin Hof, a yankin da ake kira Vogtland, inda jihohi uku suka haɗa kai: Bavariya, Turinjiya da Saksoni. Kada mai karatu ya hango manyan duwatsun Alps da ake gani a kalanda. Nan tuddai ne masu lanƙwasasshen baya, wannan na bin wancan kamar raƙuma a kwance, sun haura mita 500 daga matakin teku. Kawunansu daji ya lulluɓe, gangarensu gonaki ne da makiyaya, ƙauyuka kuma suna ɓoye a ƙasa inda ruwa yake, har sai ka zo dab da su kafin ka ga rufin gida. Ta yamma akwai dajin Frankenwald, ta kudu tsaunukan Fichtelgebirge. Sanyin wurin ba na wasa ba ne. Hunturu kan daɗe, dusar ƙanƙara kan kwanta, iska kuma ba ta da abin da ke tare ta a kan tuddan. Su kansu mutanen Bavariya Siberiyarsu suke kiran yankin Hof.

Sunayen wurin ma tarihin ƙasar suke faɗa. Ƙarshen nan na "reuth" ya fito daga tsohuwar kalmar Jamusanci mai nufin sassabe, wato inda aka sare daji aka tumɓuke kututture aka yi gona. Duk inda ka ga sunan gari ya ƙare da shi a wannan yanki, to kakannin mutanen da gatari suka samu wurin zama: Bayreuth, Konradsreuth, Pilgramsreuth, da sauransu birjik. Tannbach kuwa ma'anarsa rafin daji, dajin dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura waɗanda ba sa kaɗewa ko da hunturu. Ƙasar ba mai albarka sosai ba ce, mai duwatsu ce, lokacin noma kuma gajere. Shi ya sa dankalin Turawa ya samu gindin zama a nan tun da wuri. A Pilgramsreuth, cikin gundumar Hof ɗin nan, ake cewa aka fara noma shi a gona a Jamus, wajajen 1647, lokacin da sauran ƙasar ba ta ɗauke shi abinci ba.

Mai sassabe a irin wannan ƙasa ba ya gina gida a kan tudu. Gindin kwari yake nema, inda iska ta yi sauƙi, dabba za ta sha ruwa, fadama za ta ba da ciyawar da za a yanka a busar don hunturu. Kuma ruwa mai gudu, ko yaya ƙanƙantarsa, ƙarfi ne. Tannbach ya juya maniƙa biyu a Mödlareuth, ta sama da ta ƙasa, irin waɗanda ruwa ke tura wa ƙafa. To gidaje suka jeru a gangaren nan da gangaren can suna kallon juna, rafi a tsakiya. A idon mazauna, rafin shi ne cibiyar gari, ba gefensa ba.

Masu sarauta kuwa da wani ido suke kallon rafi. A ƙasar da daji ya rufe, inda ba a iya miƙa igiya a auna, ruwa shi ne layin da ba ya ɓata kuma ba ya buƙatar mai zane. Tun ƙarni na 16 aka ɗauki Tannbach iyaka tsakanin ƙasar sarakunan Bayreuth da ta gidan Reuss. Gidan Reuss ɗin nan abin dariya ne kaɗan: duk ɗa namiji da aka haifa a cikinsa Heinrich ake sa masa, sai dai a bambanta su da lamba. A 1810, cikin sauye-sauyen zamanin Napoleon, ƙasar Bayreuth ta koma hannun Masarautar Bavariya, aka kafa sababbin duwatsun iyaka a bakin rafin. Har yau akwai su. Gajeru ne, ba su wuce gwiwa ba, gansakuka ta hau su. A fuska ɗaya an sassaƙa KB, wato Masarautar Bavariya, a ɗayar FR, ƙaramar masarautar Reuss. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sarautu suka faɗi, Reuss ta narke cikin sabuwar jihar Turinjiya a 1920, amma layin bai motsa ba.

Abin lura shi ne kusan shekara 140 waɗannan duwatsu suna tsaye ba su hana kowa komai ba. Makaranta tana gefen arewa, na Turinjiya, kuma yaran gefe biyu nan suke zuwa. Mashayar ƙauye, inda maza ke haɗuwa da yamma, ita ma tana can. Coci kuwa babu a garin, ranar Lahadi kowa Töpen yake tafiya, ƙauyen da ke gefen Bavariya. Ƙungiyar mawaƙan maza ɗaya gare su. Aure a tsakani, gado a tsakani. Iyaka ba ta wuce maganar wa za ka kai wa haraji da wace kotu za ta saurare ka ba.

Ba a Mödlareuth aka yanke hukuncin da ya canja wannan ba, kuma waɗanda suka yanke shi da wuya a ce sun taɓa jin sunan wurin. A Landan, cikin watan Satumba na 1944, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka zauna suka raba Jamus yanki-yanki tun kafin yaƙi ya ƙare. Don su huta da gardama sai suka bi tsofaffin iyakokin jihohi. Turinjiya ta faɗa rabon Sobiyet, Bavariya ta Amurka. Layin da aka ja don harajin ƙananan sarakuna ya wayi gari shi ne tsakanin manyan dauloli biyu.

Shekarun farko a ruɗe suke. Sojojin Amurka ne suka fara isowa a Afrilun 1945, har suka mamaye Turinjiya, sannan a farkon Yuli suka janye kamar yadda aka shirya. Sojojin Sobiyet da suka shigo ba su tsaya a rafi ba, suka haɗa da gefen Bavariya na ƙauyen, sai a damina ta 1946 suka koma bayan Tannbach da Amurkawa suka matsa musu lamba. A 1949 aka kafa ƙasashen biyu, Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas. Duk da haka mai takardar izini na tsallakawa, marar ita ma ya san hanyar daji. Dajin da ya lulluɓe tuddan ya zama mafaka ga masu gudu da masu fasa-ƙwauri, kuma mutane na ta kwarara yamma.

Ranar 26 ga Mayun 1952 gwamnatin Gabas ta ɗaure iyakar gaba ɗayanta, kuma da ma'auni ta yi. Daga layi, mita 10 na farko aka nome su aka share su tas don sawun ƙafa ya fito. Mita 500 suka zama yankin kariya, kilomita 5 yankin da ba a shiga sai da izini. A daji ko a gona wannan lissafi ne kawai na sare itatuwa da kafa turaku. A Mödlareuth kuwa duk gefen arewa, da gidajensa da makarantarsa da mashayarsa, ya faɗa cikin mita 500 ɗin nan. Babu gida ɗaya da ya tsira. Aka kafa shingen katako wanda ya fi tsayin mutum a tsakiyar gari.

A watan Yuni na shekarar aka zo kwashe waɗanda hukuma ba ta amince da su ba daga duk tsawon iyakar. Sunan da jami'an tsaro suka sa wa aikin ma ya isa shaida: Ungeziefer, wato ƙwari masu ɓarna. A zo da asuba, a ba iyali 'yan sa'o'i su ɗaure kaya, a zuba su a mota zuwa can cikin ƙasa. An sake yin irinsa a Oktoban 1961, kuma jimillar waɗanda aka raba da gidajensu a zagayen biyu ta haura mutum 10,000. Mödlareuth ba ta tsira ba. Mutanen maniƙa ta sama suna cikin waɗanda aka rubuta, sai dai su ƙasa ta taimake su: maniƙa dole a bakin ruwa take, ruwan kuma shi ne iyaka. Suka kuɓuce a ƙurarren lokaci suka faɗa gefen Bavariya, 'yan taku kaɗan daga gidansu. Daga baya aka rushe ginin suna kallo daga tsallake.

Shingen katako ya ruɓe, aka sa waya mai ƙaya, aka yi ta ƙara mata ƙarfi. A 1966, shekara biyar bayan katangar Berlin, sojojin iyaka suka zuba katangar siminti: tsawonta mita 700, tsayinta ya haura mita 3, an shafe ta da farin fenti, fitilu na haska ta har wayewar gari, hasumiyar tsaro na kallon ta.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tambaya. Iyakar da ke tsakanin Jamus biyu ta kai kilomita 1,393, daga tekun Baltik zuwa kan iyakar Cekoslobakiya ta wancan lokaci, kuma mafi yawanta ba katanga ba ce. Shingen ƙarfe ne, da ramin hana mota, da nakiyoyi, da karnuka, daga baya har da bindigogin da ke tashi da kansu in an taɓa waya. Waɗannan sun fi katanga hana gudu, don mai gadi na ganin abin da ke bayan shinge. To me ya sa aka kashe siminti a ƙauyen mutum 50?

Amsar tana cikin kwarin. A cikin daji babu wanda zai kalli wani. A Mödlareuth kuwa gangare biyu ne ke fuskantar juna kamar mutum biyu a kan tabarma ɗaya. Mace na shanya a wannan gefe, 'yar'uwarta na hango ta daga wancan. Tsoho ya fito ƙofar gida, ƙanensa da ke tsallake ya san ya kwana lafiya. Waya na tare ƙafa, ba ta tare ido. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to an riga an sare ƙafar tun 1952, abin da ya rage shi ne kallo da ɗaga hannu da kiran suna, kuma shi aka zo kashewa. An haramta wa mutanen Gabas su gaisa ko su ɗaga wa na Yamma hannu, katanga kuma ta zo ta tabbatar da dokar. Hujjar wannan fahimta ita ce sauran wuraren da aka yi katanga a tsawon iyakar duk irin wannan ne, inda gidaje suka matso layi: Hirschberg a bakin Saale, nan kusa, da Heinersdorf, da Hötensleben can arewa.

Sai dai ƙasar ba ta ba su haɗin kai duka ba. Katanga a gindin kwari take, gidaje kuwa sun hau gangare. Wanda ya hau tudun gefen Bavariya yana kallon gefen Gabas kamar tafin hannunsa: rufin gidaje, hanya, masu gadi, mai tura amalanke. Mita 3 ba ta rufe tudu. Abin da katangar ta iya shi ne ta hana kusanci, ta mai da maƙwabci abin hange daga nesa.

Zaman gefe biyun ya bambanta ƙwarai. A arewa, mutum na zaune a gidan da aka haife shi amma sai da tambari a katin shaida yake shiga garinsu. Baƙo, ko ɗan'uwa ne daga wani gari na Jamus ta Gabas, sai an nema masa izini tun da wuri, kuma ana iya hanawa ba bayani. Dare ya yi, zirga-zirga ta taƙaita. Kowa ya san wanda ya yi maganar da ba ta dace ba zai iya bin sawun waɗanda aka kwashe. Ko bayan 1973, da aka sassauta wa mazauna gundumomin iyaka na Yamma su riƙa kai ziyarar yini a Gabas, sassaucin bai shafi yankin da aka killace ba. 'Yan'uwan da ke tsakaninsu bai fi jifa ba sai su yi doguwar tafiya ta mashigar hukuma, su haɗu a wani gari na daban, sannan kowa ya koma gidansa ya ci gaba da hango ɗan'uwansa. Kuma a hakan ma Mödlareuth ta yi sa'a, don akwai ƙauyukan Turinjiya da suka matsi iyaka waɗanda aka kwashe mutanensu aka baje su ƙasa, irin su Billmuthausen da Erlebach da Leitenhausen.

A kudu matsalar wata ce. 'Yanci akwai, amma hanya ta ƙare. Ƙauyen da ke tsakiyar ƙasa ya koma ƙarshen duniya, makaranta da mashaya sun tafi da ɗaya gefen. Yankin Hof baki ɗaya ya shiga wannan hali: garin saƙa da masana'antu ne da ya saba ciniki da Plauen da sauran Saksoni, sai ga shinge ta arewa, ga na Cekoslobakiya ta gabas. Gwamnatin Yamma ta daɗe tana tallafa wa irin waɗannan yankunan gefen iyaka don kada su zama kufai. Abin da ya ƙaru kawai shi ne 'yan kallo. Sojojin Amurka da ke sintiri a wurin suka sa wa ƙauyen Ƙaramar Berlin, sunan ya bi shi. Motocin 'yan makaranta da na 'yan yawon buɗe ido suka riƙa zuwa, a hau tudu da madubin hangen nesa ana kallon mutanen tsallake. A Fabrairun 1983 George Bush babba, yana mataimakin shugaban Amurka a lokacin, ya zo ya tsaya gaban katangar ya ce da Jamusanci shi ma ɗan Mödlareuth ne, yana kwaikwayon shugaban Amurka Kennedy, wanda shekara 20 kafin nan ya ce a Berlin shi ma ɗan Berlin ne. Magana ce mai daɗi, sai dai mai ita ya koma Washinton, 'yan garin suka kwana da fitilun katanga a tagoginsu.

Mutum ɗaya tak aka sani ya tsallake katangar Mödlareuth ya tsira. A 1973 ne. Direba ne da aikinsa ya ba shi izinin shiga yankin da aka killace, don haka ya san hanya, masu gadi kuma sun saba ganin motarsa. Ya tuƙa ta har jikin katanga kusa da maniƙa ta ƙasa, ya ɗora tsanin da ya ƙera da kansa a kan rufin motar, ya hau, ya dira Bavariya. Lissafinsa mai sauƙi ne: mota da tsani sun fi mita 3. Martanin hukuma shi ne ta rushe maniƙa ta ƙasan ma, don ta tare wa masu gadi gani. Da haka gine-gine biyun da rafin ya haifar, waɗanda saboda su ruwan yake da daraja a wurin mutanen farko, duk suka tafi.

A kaka ta 1989 yankin ya ga abin da bai taɓa zato ba. Ranar 1 ga Oktoba jiragen ƙasa ɗauke da dubban 'yan Jamus ta Gabas da suka fake a ofishin jakadancin Yamma a Prag suka iso tashar Hof. Ranar 9 ga Nuwamba katangar Berlin ta buɗe. Ta Mödlareuth kuwa ko motsi ba ta yi ba. Mutanen arewa na iya zuwa Yamma yanzu, amma ta zagaye, su bi layin motoci a mashigar hukuma don su isa gidan da ke tsallaken rafi. Sai da mutanen garin suka fito da kyandirori suna neman a buɗe musu, sannan aka fasa ƙofa ta masu tafiya a ƙasa ranar 9 ga Disamba, wata ɗaya cif bayan Berlin. Ita ma da farko dare ya yi ake rufe ta. Ranar 17 ga Yunin 1990, ranar tunawa da boren ma'aikatan Jamus ta Gabas na 1953, katafila ta ture mafi yawan katangar. Aka bar kimanin mita 100 da gangan. A kewayen wannan guntu aka kafa gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1994, da hasumiyoyi da shingaye da tsohuwar tankar Sobiyet. Dubun-dubatar mutane ke zuwa duk shekara, suka ƙaru bayan tashar talabijin ta Jamus, ZDF, ta nuna wani wasan talabijin mai suna Tannbach a 2015, wanda aka gina kan labarin ƙauyen. A Nuwamban 2019 sakataren harkokin wajen Amurka Mike Pompeo ya zo, shi da ya taɓa sintiri a wannan iyaka yana ƙaramin hafsa.

Akwai wani abu da ya faru a wannan ranar ta 9 ga Disamban 1989, a Hof, wanda ya shafi ƙasar fiye da mutanen. Masu kare muhalli daga Gabas da Yamma, su ɗaruruwa, suka haɗu bisa gayyatar BUND, ƙungiyar kare muhalli ta Jamus, suka nemi a bar zirin iyakar yadda yake. Tun shekarun 1970 wani matashi mai nazarin tsuntsaye, Kai Frobel, ya lura daga gefen Bavariya cewa tsuntsayen da suka ɓace a gonakin da ake zuba wa taki da maganin ƙwari suna nan da yawa a zirin mutuwa, har suna sauka kan turakun shinge suna kuka. Shekara kusan 40 ba shuka, ba taki, ba mafarauci. Wurin da aka share don a harbe mutum ya zama mafakar halittun da ba su da sauran wuri. Daga wannan taro aka samu abin da ake kira Koren Ziri, kuma BUND ta ce an ƙidaya nau'in dabbobi da tsirrai fiye da 1,200 da ke cikin haɗarin ƙarewa a cikinsa. A 2018 Turinjiya ta ba rabonta, kilomita 763, kariyar doka. Wanda ya fita daga Mödlareuth ya bi tsohuwar hanyar sintiri zai ga abin da idonsa: layi biyu na falankin siminti masu ramuka, daidai faɗin tayar motar soja, ciyawa ta fito ta kowane rami, hanyar na hawa tudu tana sauka ba ta kauce wa komai ba. A gefenta itatuwa matasa ne, masu farin ɓawo da ƙananan kurmi, a bayansu kuma tsohon daji mai duhu. Bambancin shekarun itatuwan kaɗai ya isa ya nuna maka inda iyaka ta bi.

Tsohon dajin ma yanzu yana cikin wani hali. Yawancinsa dashe ne na itace iri ɗaya, wanda Jamusawa ke kira Fichte, an shuka shi layi-layi don katako. Farin da aka yi daga 2018 zuwa 2020 ya raunana shi, ƙwaron da ke cin ƙarƙashin ɓawo ya samu shiga, aka yi ta sare gangare sukutum a Frankenwald da Turinjiya. Tuddan da suka ba rafin sunansa suna yin sanƙo a gefe biyu, ƙwaron bai san KB da FR ba.

Mutum zai zaci da haɗewar Jamus ranar 3 ga Oktoban 1990 ƙauyen ya koma ɗaya. A zaman yau da kullum ya koma: biki tare, gaisuwa a kan gada. A takarda kuwa har gobe biyu ne, don Tannbach ya koma aikinsa na asali, iyakar jiha. Gefen kudu yana ƙarƙashin Töpen a gundumar Hof, na arewa ƙarƙashin garin Gefell a gundumar Saale-Orla. Magajin gari biyu, lambar gidan waya biyu, 95183 da 07926, lambar tarho ta gari biyu. Motar wannan gefe HO ke rubuce a lambarta, ta wancan SOK. Zaɓen jiha kowa da ranarsa da 'yan takararsa. Yara kowa da makarantarsa da lokacin hutunsa, don a Jamus ilimi a hannun jihohi yake. Har gaisuwa ta rabu a shekarun katanga: na kudu sukan ce "Grüß Gott" irin ta Bavariya, mai ambaton Allah, na arewa "Guten Tag", barka da yini kawai.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na ƙarshen Oktoba. Gefe biyun asalinsu Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Luther, wato Furotesta, coci ɗaya kakanninsu suka yi ta zuwa a Töpen. Amma ranar 31 ga Oktoba, ranar tunawa da gyaran addini da Luther ya kawo, hutu ce a Turinjiya, ba hutu ba ce a Bavariya. Washegari, 1 ga Nuwamba, ranar waliyyai ta Katolika, hutu ce a Bavariya, ba hutu ba ce a Turinjiya. Sai ka ga yau mutumin arewa na barcin safe, maƙwabcinsa na tsallaken rafi na kankare ƙanƙara a gilashin mota zai tafi aiki. Gobe kuma su yi musanya.